Turancin Teburin Kakanni

Ranar da tsoho Khiem ya fara hawa benen da ke saman shagon gyaran babura, inda ake koyar da Turancin jarrabawa, sai da ya tsaya a tsakiyar matakala ya maida numfashi. Da ya shiga aji, yaran suka ɗauka jikarsa ya zo nema, har wata ta tashi ta tura masa kujerar bakin ƙofa ya jira. Ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya je layin gaba ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa.

Malamar ajin, Diep, a haife ya yi jika da ita. Ta matso ta rage murya ta ce masa ajin masu fara koyo a ƙasa yake, kuma ba yau ba ne. Ya ce ya sani. Ya ce Turancin "nawa ne" da "zauna da kyau kada ka faɗa ruwa" yana da shi har na bayarwa, don bayan gada ta kashe musu jirgin fito a kogin Hau ya yi shekaru yana yawo da baƙi masu kyamara a kasuwar kan ruwa ta Can Tho, kuma ba a taɓa mayar masa da magana an ce ba a gane ba.

"To wane iri Kaka yake so?"

"Manyan kalmomi, Malama. Irin waɗanda ake faɗa a tsaye."

Ba ta gane ba, amma ta bar shi. Shi ma bai ƙara komai ba, don ba mutum ne mai buɗe cikinsa a gaban yara ba.

Abin da ya kawo shi kuwa ba ɓoyayye ba ne a wurin duk wanda ya san gidansu. Matarsa Nhan ta rasu shekarun baya, kuma duk shekara idan ranar ta zagayo a lissafin wata, Khiem ne ke tsayawa gaban teburin kakanni, inda ake jera hotunan mamatan gida, ya kira ta. A garinsu kowa ya san mamaci ba ya shiga gida sai an kira shi. A dafa, a jera, a kunna turaren tsinke, sannan namijin gidan ya tsaya ya faɗi sunansa da na ubansa, ya gayyaci waɗanda suka riga shi su zo su ci. Gidan da aka daina kira, mutanensa sai su koma bin hanya, suna jiran 'yar shinkafa da gishirin da ake watsa wa marasa kowa a watan bakwai. Wannan ne abin da Khiem ke gudu. Nhan ce fa, matar da ko tana raye ba ta taɓa sa hannu a kwanon da ba a yi mata tayi ba.

Ɗansu guda ne, Lap, yana Melbourne, can ƙasar Turawa, tun yana saurayi. Shi ya kamata ya karɓi kiran, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi ya kuma tafi da harshensa. Saura jika, Dinh, wanda aka haifa a can, mai aikin wayar lantarki, wanda duk abin da ya sani a harshen kakanninsa bai wuce sunayen abinci da godiya ba. Khiem ya gwada koya masa kalmomin kira ta waya, tsofaffin nan masu nauyi da ya karɓa daga bakin ubansa. Harshen Dinh ya ƙi, sai haƙuri suka yi ta bai wa juna har suka gaji. Ana cikin haka likita ya haska cikin Khiem ya ga abin da ya gani a hanta, ya yi ta kwana-kwana da magana, har Khiem ya tausaya masa ya ce ya fahimta. Kiran bana ne na ƙarshe da zai yi da bakinsa. Bai gaya wa kowa ba sai ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Biyar saboda matsayinta a ɗakinsu, kuma ya sa ta rantse ba za ta kai labarin Melbourne ba.

A kan ragar lilonsa ya yanke shawara shi kaɗai. In dai Turanci ne kawai a bakin Dinh, to da Turanci zai yi kiran. Amma ba da Turancin kwale-kwale ba. Ba a zuwa gaban kakanni da singileti, ta yaya za a zo musu da kalmomin da ake cinikin abarba da su? Dole Turawa ma suna da nasu kalmomin na tsayuwa da sunkuyar da kai. Zai je ya nemo su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke su, ya sa wa jikansa a baki kafin ya tafi.

Diep tana koyar da kalmomi ne dangi-dangi. Sai ta ɗauko mai sauƙi da kowa ya sani, ta jero 'yan'uwanta daga ƙarama zuwa babba, ta nuna inda kowace ke zama. Yaran ajin duk ƙasar waje suke hange, a wurinsu kalma maki ce kawai: wadda ta fi tsawo ta fi tsada, su cusa ta a rubutun jarrabawa ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Khiem kuwa idonsa ya yi rauni, ba ya rubutu, sai ya kasa kunne ya juya kalma a baki, sannan ya ɗaga hannu. Tambayarsa kusan kullum ɗaya ce, ko ana iya faɗa wa mamaci wannan. Makon farko an yi ta dariya a tafin hannu. Daga baya yaran da kansu suka fara juyowa suna jiran tambayar, wani ma yakan riga shi.

Wata rana Diep ta jero respect da revere da venerate. Ta ce ta farko har maƙwabcin da ke sharar ƙofarsa kana iya ba shi, ta biyu sai wanda ka ɗaga sama da kanka, ta ukun kuwa ta tsofaffi ce da tsarkaka da waɗanda ake kunna wa turare. Khiem ya gyara zama, ya ce to wacce ake bai wa matar da ta yi shekara hamsin tana masifa a kan ana shiga ɗaki da ƙafar laka. Ajin ya ɗauki dariya. Diep ta dube shi da kyau, dariyar ta tsaya mata a fuska, ta ce tana ganin ta ukun. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yi wa awo daidai.

Ba duk kalmomin ne suka zo masa da sauƙi haka ba. Akwai ranar da aka kawo bereft. Diep ta ce ba baƙin ciki kawai take nufi ba, ana faɗinta ne ga wanda aka ɗauke masa wani abu aka bar gurbin a buɗe, gida ko mutum ko gari. Ta ba da misali da gonar da ambaliya ta wanke. Yaran suka duƙa suna rubutawa. Khiem bai ɗaga hannu ba. Ya zauna yana duban hularsa, yana mamakin yadda mutanen da ke wancan gefen duniya, waɗanda ba su san Nhan ba, ba su taɓa ganin rabin gadon da ba a kwana a kai ba, suka riga suka yi wa abin suna. Ransa ya sosu, amma kuma ya ji wani sanyi, don ya tabbatar harshen da ke da wannan kalmar ba zai kunyata shi a gaban tebur ba. Bayan an tashi ya tsaya ya gaya wa Diep komai, ban da maganar hanta. Tun daga ranar take ƙara masa ɗan lokaci bayan aji, suna ɗinkin kiran layi-layi, yana faɗa mata na ubansa tana nemo masa abokinsa.

Biyar ba ta ga abin birgewa a ciki ba. Duk ranar da ya dawo yana haki sai ta tare shi a ƙofa da ƙoƙon magani.

"Yaya Biyu," in ji ta, don haka ake kiran ɗan fari a nan, "likita ya ce ka kwanta, kai kuma ka koma hawa bene kamar ɗan akuya. Ko jarrabawar za ka zauna ka tafi Ingila a wannan tsufan?"

Ya sha maganin ya miƙa mata ƙoƙon, ya ce wanda bai san abin da ake dafawa ba gara ya bar murfin tukunya a rufe. Ta ce ita dai ta san wanda zai faɗo daga matakala a kira ta ta kwashe. Haka suke tun suna yara. Amma ita ce ke wanke masa farar rigar da yake zuwa ajin da ita, ta goge ta har wuya.

Dinh ya iso ana saura 'yan kwanaki ranar Nhan ta zagayo. Dogo ne, ya fi ƙofar ɗaki, da ya ga kakansa maimakon ya harɗe hannu ya sunkuya yadda ake gaida manya a nan, sai ya rungume shi har ƙafar tsohon ta kusa barin ƙasa. Biyar ta yi tsaki, idonta ya cika. Ya ci duk abin da aka ajiye masa, ya gyara musu fankar da ta daɗe tana kuka, ya tsaya gaban hoton kakarsa yana kallo. Khiem ya ga yaron kirki ne, hankalinsa ya ɗan kwanta.

Washegari da hantsi ya zaunar da shi a baranda, ya miƙe tsaye ya karanta masa kiran daga farko har ƙarshe, a hankali, yana bai wa kowace kalma haƙƙinta. Ya gama ya tsaya yana jira. Dinh ya sosa ƙeya. Ya ce abin ya yi kyau sosai, kamar a coci ko a kotu. Sannan ya tambayi ma'anar beseech.

Khiem ya ɗauka wasa yake. Da ya ga da gaske ne sai ya yi masa bayani, roƙo ne na wanda ya durƙusa, ba na mai neman aron gishiri ba. Dinh ya ce ya taɓa ganinta a makaranta, amma bai taɓa jinta a bakin mutum ba. Posterity ma haka, wato zuriyar da za ta zo baya. Ya yi dariya kaɗan, ya ce Kaka ya fi shi Turanci.

Maganar ba ta yi wa Khiem daɗi ba ko kaɗan. Ya yi wata da watanni yana hawa bene don ya iske jikansa a harshensa, ashe ya wuce shi ya je wani wuri da babu kowa. Dinh ya ga fuskar tsohon ta canza, ya bar dariyar nan take. Ya ciro wayarsa ya ce a sake karantawa ya ɗauka, ya yi alkawarin zai haddace. Kuma ya yi ƙoƙari. Kwanakin da suka rage ana ganinsa a bakin rafin bayan gida, waya a kunne, yana maimaitawa agwagi suna kallonsa.

Ranar ta zo. Tun da safe dangi suka cika gidan, mata a madafa, maza suna jera tebura a tsakar gida. Biyar ta dafa duk abin da Nhan take so: naman alade da ƙwai a ruwan kwakwa, miyar garahuni mai ɗaci, shinkafa mai danƙo, kifin da aka daɗe ana dafawa a tukunyar ƙasa. Aka jera a teburin kakanni ƙarƙashin hotuna, aka zuba shayi a ƙananan kofuna. Khiem ya sa doguwar rigarsa baƙa, ya kunna turare, amma bai tsaya a tsakiya ba. Ya miƙa wa Dinh tsinkayen ya koma bayansa. Manyan dangi suka dubi juna.

Dinh ya ɗaga turaren daidai goshi kamar yadda aka nuna masa. Ya faɗi sunansa da na ubansa. Layin farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. A na uku ya tsaya. Khiem ya raɗa masa kalmar daga baya, ya ɗauka, ya yi gaba kaɗan ya sake cijewa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wata 'yar ƙaramar jikar Biyar ta ƙyalƙyale, uwarta ta toshe mata baki. Dinh ya koma farko, ya zo wurin ya sake tsayawa. Sai ya sauke hannunsa kaɗan, ya juyo, ba da raini ba, da muryar wanda abin ya daɗe yana damunsa.

"Kaka, ita tana jin Turanci kuwa?"

Biyar ta matso tana tambayar me yaron ya ce. Da Khiem ya gaya mata sai ta dafe ƙirji, ta ce a hankali, "Nhan? Ko gaisuwa ba ta iya ba. In Bature ya shigo kwale-kwale juya baya take."

Ai ya sani. Ya fi kowa sani. Amma duk watannin nan hankalinsa yana kan bakin da zai yi kiran, ko sau ɗaya bai tuna kunnen da zai ji ba. Ya ɗaga ido ya dubi hotunan: ubansa manomi, uwarsa da ba ta taɓa fita lardin ba, Nhan da guntun murmushin nan nata na wadda ta kama ka. Ya yi musu ɗinkin da ya fi kowanne kyau, da zaren da ba ɗayansu zai gani. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo bayanta. Turaren yana ci a hannun Dinh, toka tana lanƙwasowa, abinci yana hucewa, kuma har yanzu ba a kira kowa ba.

Ya matsa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da jikansa.

"Bar nawa," ya ce masa da Turancin kwale-kwale. "Faɗi naka, yadda kake magana. A hankali. Ni zan miƙa mata."

Dinh ya sake ɗaga turaren. Ya ce shi ne Dinh ɗan Lap. Ya tsaya, Khiem ya juya maganar zuwa harshen gida. Ya ce an dafa abinci, Goggo Biyar ce ta dafa, kakarsa ta zo ta ci, ta zo da kowa. Khiem ya miƙa. Dinh ya ce bai san ta sosai ba, amma yana tuna zuwan da aka yi da shi yana ƙarami, zazzaɓi ya kama shi, ta kwana tana yi masa fifita da murfin tukunya don wuta ta ɗauke. Khiem bai san wannan ba. Ya miƙa mata shi ma. Sannan Dinh ya yi maganar ubansa. Ya ce ba zai iya zuwa ba, ba ya iya magana, amma hotonta yana gefen gadonsa, kuma da ya ji za a yi wannan tafiyar ya riƙe masa hannu ya ƙi saki. A cikin wannan maganar wata 'yar kalma ta gifta wadda Khiem bai sani ba, ba a taɓa kawo ta a aji ba, ba a kuma faɗinta a kasuwar kan ruwa. Ya tsallake ta ya miƙa sauran.

Dinh ya sunkuya, ya soke tsinkayen a tukunyar toka. A madafa an ji wata tana fyace majina. Biyar ta goge fuska da gefen riga ta hau yi wa yara faɗa su matsa daga hanya.

Sai da turaren ya cinye aka sauke kwanuka aka zauna ci. Khiem bai ci sosai ba. Ya fita tsakar gida inda ake ƙona wa Nhan rigunan takarda a tsohuwar garwa don su isa gare ta, ya zauna a kan ƙaramar kujera yana tura su cikin wuta da sanda. Dinh ya zo ya tsuguna kusa da shi, fuskarsa a sake, kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya ce ya yi tunani. Zai sa tebur a gidansu a can, kusa da ɗakin ubansa, a ba shi kwafin hotunan. Baɗi in ranar ta zo zai dafa abin da ya iya, ya kunna turare, ya kira Kaka a waya ya jingina ta a gefe, yana faɗa Kaka yana fassarawa.

Khiem ya juya takardar da ba ta gama ci ba.

"Ba sai ka kira a waya ba," ya ce. "Kai dai ka kunna, ka yi magana a hankali. Baɗi ina kusa da kunnenta."

Dinh ya yi murmushi, yana jiran ƙarshen wasan. Bai zo ba. Ya dubi hannun tsohon a kan sanda, ya dubi wuyan rigar da ya yi masa yawa, sannan ya waiwaya wajen Biyar da ke bakin madafa da kwano a hannu. Ba ta ji abin da aka ce ba, amma da ta ga fuskarsa sai ta juya ta koma ciki.

"Kaka," in ji Dinh.

"Zauna da kyau," in ji Khiem. "Akwai kalmar da ka faɗa ɗazu a kan ubanka, bayan ka ce ba ya iya magana. Ban san ta ba, na tsallake. Uwarsa kuwa ba ta barin komai, sai ta tambaye ni. Koya mini ita yanzu."

Dinh ya zauna a ƙasa. Khiem ya ajiye sandar, ya juyo da kunnensa mai kyau, ya jira.